Bidiyon yarinyar nan: wa ya tambaye ta?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shugaba, ina neman izini in yi magana mai ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni, don tun jiya abin ya tsaya mini a wuya, ko barcin kirki ban yi ba.

Bidiyon da aka turo nan jiya bayan isha'i, na uwar da ke neman taimako saboda 'yarta da aka ce mata-maza ce, na san su. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan faɗi suna ba, kada ma wani ya biyo ni ta gefe ya tambaya. Iyakar abin da zan ce, kayan makarantar da kuka gani a jikinta ni na ɗinka su da kekena. Shekararta 12. Zan ci gaba da cewa "yarinyar", don a mace aka raɗa mata suna, haka kuma take amsawa har yau.

Ina wurin ranar da aka ɗauka. Samari biyu ne suka zo ranar Asabar da kyamara da abin maƙala murya a wuyan riga. Ɗakin uwar babu haske, sai suka ce a fito da kujera baranda. Kun dai san gidan haya a Legas, ɗaki 14, banɗaki biyu, ba a tari a ɓoye. Kafin su gama kafa ƙafar kyamara mutanen gida sun cika wurin, yara har kan katanga. A gaban wannan taron aka ce ta ja hijabinta baya a ga haɓarta. Aka ce ta yi magana da ƙarfi a ji yadda muryarta ta buɗe. Sannan ɗayan ya tambaye ta, "Ke a ranki mace kike ji ko namiji?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi da yatsa, har ya maimaita sau uku. Wannan wurin ne suka yanko suka sa a farkon bidiyon.

An ba uwar takarda da Turanci ta dangwala. Yarinyar kuwa babu wanda ya ce mata ko "kin yarda?"

Yau kwana tara ke nan. Ba ta ƙara taka makaranta ba tun Litinin ɗin farko. Wanka sai kafin kiran assalatu, don kada ta haɗu da kowa a layin banɗaki. Abin da ya fi ƙona mini rai, mu Hausa ba mu da hanyar kiran mutum sai ka zaɓi "kai" ko "ke". Yaran layi sun gano haka. Tana fitowa ɗibar ruwa sai ka ji "kai, zo nan", "kai, ina gemunka", a fashe da dariya. Kalma ɗaya tak, ta zama bulala.

Ba wanda ya turo nake tuhuma ba. Tambaya na kawo wa zaure: uwa tana da ikon ba da sirrin jikin ɗanta ga duniya, ko da neman magani take?

Ɗan Mile 12:
Wa'alaikumus salam. Yaya, ni na turo, ba zan ɓoye ba. Wallahi tallahi tausayi ne ya kama ni, na ga lambar asusu a ƙasa na ce bari 'yan uwa su gani ko Allah zai sa a dace. Ni kaina na tura abin da ya sauwaƙa kafin in watsa. Ban san abin ya kai haka ba.

Alhaji Mai Canji, Ikeja:
Hajiya Maman Biyu, na ji zafin maganarki, amma a bar ni in faɗi ɗaya gefen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar nan ba don nishaɗi ta fito ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa zai tura kuɗi don labarin da babu fuska? Nawa aka damfare mu da hoton mara lafiyar da ba a san shi ba? Ni dai in ban ga mutum ba hannuna ba ya shiga aljihu, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Maman Biyu:
Alhaji, ba ta ɓoye ciwo ba, ta kai shi asibiti tun bara. Likita ya gani, nas ta gani. Waɗannan su ne ya kamata su gani. Mai sayar da ruwa a bakin layi me zai yi mata da ya gani? Kuma abin da ya shigo asusun, daga bakin uwar na ji, bai kai kuɗin gwaje-gwajen da aka rubuta ba. Masu kallo sun fi masu bayarwa nesa ba kusa ba.

Anti Nas, Idi-Araba:
Bari in sa baki ta fannin aikina. Da farko, ba zan ce ga abin da ke damun yarinyar ba, babu ma'aikacin lafiya na gaskiya da zai yanke hukunci daga bidiyo. Amma a sani, abin da muke kira mata-maza ba abu ɗaya ba ne, kuma ba aljanu ba ne, ba alhakin iyaye ba ne.

Akwai wanda matsalar daga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda take. Suna fitar da sinadarin maza fiye da kima tun jaririya tana ciki, sai a haife ta gabanta ya rikitar da ungozoma. Wani nau'in wannan yana da haɗari sosai, don jariri yana zubar da gishirin jikinsa, zai iya rasuwa a makonnin farko in ba a gano ba. Akwai kuma wanda ƙwayoyin gadonsa na namiji ne, XY, amma jikinsa ya rasa wani sinadari da ke siffanta gaban namiji tun a ciki. Sai a haife shi kamar mace, a yi masa suna a mace, a huda kunne, sai lokacin balaga murya ta buɗe, jiki ya juya. Likitoci sun yi bayanin wannan tun 1974 a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika inda abin ya yawaita. Akwai wasu nau'o'in ban da waɗannan. Kafin a ce komai sai an yi gwajin ƙwayoyin gado, an auna sinadaran jini, an yi hoton ciki, sannan likitan yara da likitan tiyata da mai ba da shawara su zauna da iyaye da shi yaron.

Ku lura da wannan na ƙarshen: da shi yaron. Abu ne da ake ɗaukar watanni ana bi a hankali, a ɗaki a rufe. Tambayar da likita yake jinkirta yi sai ya saba da yaro, ita ce wani ya jefa mata a baranda a gaban maƙwabta.

Mu a wurin aiki, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora mana riƙe sirrin mara lafiya. In na ɗauki fayil ɗin yarinya na nuna wa mijina, zan iya rasa lasisina. To me ya sa abin da aka hana ni ya halatta ga mai kyamara?

Direban Apapa:
Ni fa ban gane ba. Wannan ba shi ne abin nan na Turawa da ake ta cusa mana ba? Namiji ya wayi gari ya ce shi mace ne, irin su Bobrisky? In haka ne ai gara a fallasa tun da wuri.

Ɗalibar Akoka:
Kawu Direba, da girmamawa, abu biyu ne aka haɗa. Wanda Anti Nas ta yi bayani halittar jiki ce, da ita aka haifi mutum. Wanda kake nufi, masu sauya jinsi, jikinsu babu rikici a siffa, su ne suke cewa a ransu ɗaya jinsin suke ji. Bobrisky kuma babba ne, da kansa ya zaɓi kyamara, da ita yake neman abinci. Yarinyar shekara 12 ba ta zaɓi komai ba.

Amma tunda ka kawo maganar Turawa, akwai darasi a can, don sun riga mu shiga wannan ramin. A 2007 wata shahararriyar 'yar jarida a Amurka, Barbara Walters, ta yi hira a talabijin da wani yaro ɗan shekara 6 da iyayensa suke renonsa a matsayin mace. Iyalin sun ɓoye sunan gidansu na gaskiya, amma fuskar ta fita. Daga 2015 aka mai da rayuwar gidan shirin talabijin, ana bin yaron har ɗakin likita. A Janairun 2017 mujallar National Geographic ta sa hoton wani ɗan shekara 9 mai irin wannan labari a bangonta, hoton ya zaga duniya, iyalin suka sha zagi da barazana a intanet. Da gangan ban kama sunayensu ba.

Abin da na lura da shi, ɓangarorin biyu duka sun yi amfani da yaran. Masu goyon baya suna ɗaga hoton su ce ku ga jarumta. Masu adawa suna ɗaga hoton nan dai su ce ku ga ɓarna. Kowa ya samu tuta, yaro ya rasa yarintarsa. Likitar yara Hilary Cass, wadda ta yi wa hukumar lafiyar Ingila bincike a kan kula da irin waɗannan yara ta miƙa rahoton ƙarshe a Afrilun 2024, ita ma ta koka da yadda zafin faɗan manya ya dabaibaye yaran da ake magana a kansu.

Kuma yaro yana canzawa. Abin da ya faɗa yana shekara 9 ba lallai shi zai faɗa yana 19 ba, ko ta wane gefe. Wanda aka bari a cikin gida yana da damar ya yi tunani, ya ci gaba ko ya dawo, babu wanda ya sani. Wanda aka ɗora a bangon mujalla an ɗaure shi da maganar da ya yi yana ƙarami. Ko me mutum ya ɗauka game da sauya jinsi, wannan kaɗai ya isa ya sa ya ƙi a nuna fuskar yaro.

Malam na Zango:
Bismillah. Na karanta duka kafin in yi magana.

Malam Direba, abin da Hajiya ta kawo ba baƙo ba ne a addini, ba kuma Turawa suka kawo shi ba. Malaman fiƙihu suna kiransa khunsa, sun yi masa babi tun ƙarnoni masu yawa: ina zai tsaya a sahun salla, wa zai yi masa wanka in ya rasu, nawa ne rabonsa a gado. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Khalil a zaure ya san da mas'alar khunsa aka rufe littafin, inda ya jero alamomin da in sun bayyana rikici ya kau. Magabata sun zauna sun yi wa wannan bawan Allah tunani don kada a zalunce shi a gado. Ba su ce a tara masa kasuwa ba.

Game da wanda jikinsa lafiya lau ya ce zai sauya, matsayin malamanmu sananne ne, ba su halatta ba, ni ma a kansa nake, ba zan yi kwana-kwana ba. Amma ku saurara da kyau. Hukuncin aiki daban, tona asirin yaro daban. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, a cikinsu akwai yaro har sai ya balaga. Wanda mala'iku ba su fara rubuta masa ba, kai wane ne da za ka rubuta masa a Facebook? Kuma ya ce wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa duniya da lahira. A Suratul Hujurati an hana mu bin diddigin juna, an hana mu jifan juna da miyagun laƙabi. "Kai, ina gemunka" da yaran layi suke yi, shi ne wannan laƙabin, kuma iyayen da suka ji suka yi dariya suna da kaso.

Ina ƙara jan kunne a kan wani abu da nake gani a wayoyin ɗalibaina. A samu yaro ɗan shekara 10 mai lanƙwasa a tafiya ko mai son zama cikin mata, a ɗauke shi a ɓoye, a rubuta "ɗan daudu" a watsa. Wannan ba gyara ba ne. Tarbiyya a cikin gida ake yin ta, da uba da uwa da malami. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Direban Apapa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan yarinyar, ban san haka abin yake ba, Allah ya yafe mini. Amma ɗayan fa? In aka yi shiru ba yaɗuwa zai yi ba?

Malam na Zango:
Ba a ce a yi shiru a kan mas'ala ba. Yi wa'azi a kanta, rubuta a kanta, yi muhawara da wanda ya saɓa maka. Duk wannan ba ya bukatar fuskar ɗan wani.

Baba Ɗan Jarida, Obalende:
Malam ya taɓo inda aikinmu yake. Na yi shekaru a ɗakin labarai kafin in ajiye, kuma zan faɗi abin da ban ji daɗin tunawa ba. Ina matashi na taɓa ɗaukar hoton wani yaro a gadon asibiti, babansa ya yarda, edita ya yaba, aka buga. Bayan shekaru na haɗu da wani ɗan uwansu ya ce mini har ya girma da sunan ciwon ake kiransa a garinsu. Wancan takarda ce, ta kwana biyu aka naɗe ƙosai da ita, duk da haka sunan ya bi shi. Yanzu abin da aka ɗora ba ya tsufa. Ranar da za a zo neman auren yarinyar nan, ko ranar da za ta nemi aiki, wani zai lalubo shi cikin minti ɗaya.

Muna da ƙa'ida. Kundin ɗa'ar 'yan jaridar Najeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai 16 ba, ko yin hira da shi, a shari'o'in da suka shafi lalata, aikata laifuka, tsafi ko maita. Bai ambaci irin wannan lalura da suna ba, wannan giɓi ne, amma duk wanda ya fahimci dalilin dokar ya san ta nan ma ta biyo. A Birtaniya kundin editocinsu ya ce ba a hira da ɗan ƙasa da 16 a kan abin da ya shafi walwalarsa sai da yardar iyaye, kuma ba a biyan iyaye kuɗi don labarin ɗansu sai in a fili yake cewa amfanin yaron ne. Jagororin UNICEF sun ƙara da cewa a nemi izinin yaron shi kansa, a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa labarin zai iya kaiwa ko'ina a duniya, kuma a tabbatar babu matsi a cikin yardar.

Ku auna wannan da takardar Turanci da aka ba matar da ba ta karanta Turanci.

Alhaji Mai Canji, ka ce ba a bayarwa sai an ga fuska. Akwai hanyoyi, mun yi su. A ɗauki uwa daga baya, a nuna hannayenta. A dusashe fuska, a sauya murya. A cire bajen makaranta. A nuna takardar asibiti an rufe suna, a sa likita ko limami ya tabbatar da labarin da bakinsa. Aikin minti 30 ne a kwamfuta. Waɗannan samarin ba rashin sani ya hana su ba. Fuska da muryar su ne kayan sayarwar, shi ya sa suka sa su a farko. Kuma mafi yawan masu irin waɗannan tashoshi ba su taɓa zama ƙarƙashin edita ba, babu wanda zai ce musu a'a.

Alhaji Mai Canji, Ikeja:
Baba, na ji. Amma har yanzu ina nan a kan cewa uwa ce. Ita ta haifa, ita ke wahala. In doka ta ba ta iko ta sa hannu a yi wa 'yarta tiyata, yaya za a ce ba ta da ikon sa hannu a ɗauki hoto?

Barista, Ikeja:
Alhaji, tambayarka ita ce zuciyar maganar, bari in amsa a tsanake.

Gaskiya ne doka tana karɓar yardar iyaye a madadin yaro. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce in za a yi amfani da bayanan yaro a nemi yardar uwa ko uba ko mai riƙo, kuma yaro a dokarmu shi ne wanda bai kai 18 ba. Amma ikon iyaye amana ce, ba mallaka ba. Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi tata a 2007, da wannan ta buɗe: a duk abin da ya shafi yaro, maslaharsa ce kan gaba. Sashe na 8 na dokar 2003 ya ba yaro haƙƙin sirri, ban da sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ya ba kowane ɗan ƙasa. Tiyata ana yin ta don yaron. Bidiyon da ya hana shi makaranta, da wuya a ce don shi aka yi.

Abu na biyu, yarda tana da sharuɗɗa. Sai mutum ya san abin da yake yarda da shi, kuma ya bayar da son ransa. Wadda aka ce mata "in ba a nuna ba babu taimako" tana tsaye tsakanin ciwon 'yarta da asirin 'yarta, wannan ba zaɓi ba ne. Kuma dokar 2023 ta ba mutum damar janye yardarsa, ya nemi a goge bayanansa. Bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta kira masu tsananin sirri. Akwai sassaucin da ta yi wa aikin jarida don amfanin jama'a, za su iya fakewa da shi, amma sai su nuna wane amfani jama'a suka samu daga haɓar yarinya wanda ba za su samu ba in an rufe fuskar.

Wasu ƙasashen sun wuce nan. Faransa ta yi doka a 2020 da ta ba yaro damar ya nemi a sauke bidiyonsa daga dandali ko iyayensa ba su yarda ba, a 2024 kuma ta ƙara wata da ta wajabta wa iyaye kare hoton ɗansu da yin shawara da shi gwargwadon shekarunsa.

Wani abin da nake tsoro ban ga an ambata ba. Tun da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mutane da yawa suna ɗauka duk wanda siffarsa ta rikita mai laifi ne. Dokar ba ta ce haka ba, aure da ƙungiyoyi da bayyana irin wannan alaƙa ta yi magana a kai, ba ta hukunta halittar kowa ba. Amma ɗan zauna-gari-banza ba ya karanta doka. Bidiyon ya nuna ƙofar gida, ya nuna bajen makaranta. Wannan maganar tsaro ce, ba ta kunya kaɗai ba.

Yaya Maman Biyu, in uwar ta amince, zan rubuta wa tashar takarda kyauta, a ba su wa'adi su sauke. In sun ƙi, akwai Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa da ake kai wa ƙorafi.

Ɗalibar Akoka:
Kafin takardar Barista ta isa, akwai abin da za a iya yi yau. YouTube yana da hanyar ƙorafin keta sirri, uwa za ta iya shigarwa a madadin 'yarta. Facebook ma yana da fom na iyayen yaron da bai kai 13 ba, ita kuma 12 take. Zan iya zuwa in cike musu. Amma kada in yaudare ku, wanda ya riga ya shiga WhatsApp ya shiga, yana cikin wayoyin mutane, babu maɓallin da zai dawo da shi. Magana zarar bunu ce.

Ɗan Mile 12:
Na goge a wayata. Zaure huɗu na tura, na koma duka na goge na rubuta musu dalili. Biyu sun wuce lokacin da ake iya gogewa ga kowa, sai na roƙi shugabanninsu. Wani ya ce mini ai ba ni na ɗauka ba, me ya dame ni. Na ce masa na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo.

Alhaji Mai Canji, Ikeja:
To ni ga abin da zan iya. Ban janye cewa mutane suna son tabbaci ba, haka muke. Amma tabbacin ba sai kowa ya gani da idonsa ba. Anti Nas ta duba takardun asibitin, Malam ya tsaya shaida, ni wannan ya ishe ni. A biya kuɗin kai tsaye a asibiti a karɓo rasit. Gwajin farko a kaina.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. Allah ya saka wa kowa.

Na fita na je gidan bayan la'asar, shi ya sa kuka ji ni shiru. Na karanta wa uwar abin da Barista ya rubuta. Ta yi kuka sosai. Ta ce ita ta ɗauka a talabijin za a nuna sau ɗaya, masu kuɗi su gani, shi ke nan. Ba ta san abu ne da zai zauna a wayar ɗan maƙwabcinta ba. Ina roƙon kada kowa ya zage ta, ko a zuci. Shekara guda tana yawo da takardu a leda, daga wannan layi zuwa wancan, mijin ba ya nan, awara take soyawa.

Sai na ce mata, wannan karon kafin mu yi komai a tambayi mai abin. Muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa, mu uku. Na ce mata akwai masu son su sa a sauke bidiyon, akwai masu son su biya kuɗin gwaji ba tare da sun san ko sunanta ba, kin yarda? Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce a sauke. Ta ce gwajin ma tana so, don ita ma tana son ta san abin da ke faruwa da ita, amma kada a ƙara shigo da kowa yana kallo in likita zai duba ta. Ta kuma ce ba za ta koma waccan makarantar ba, ko an sauke.

Na tambaye ta yadda take so in riƙa kiranta. Ta ce, "Yadda kika saba, Anti, har sai likita ya gama."

Anti Nas, Idi-Araba:
Abin da ta nema haƙƙinta ne. A asibitin koyarwa ana zuwa da ɗalibai zagaye, amma mara lafiya yana da damar ya ce ba ya so, zan nuna wa uwar yadda za ta faɗa tun a teburin farko. Yaya, ki turo mini takardun ni kaɗai, ki rufe sunan da yatsa kafin ki ɗauka.

Shugaban Zaure:
Na goge bidiyon daga nan. Daga yau duk hoto ko bidiyon yaro mara lafiya, ko wanda ake zargi da wani abu, ba ya shigowa zauren nan da fuska a buɗe, ko da iyayensa ne suka turo. Mai neman taimako ya same ni ko Malam ta gefe.

Barista, ka shirya takardar zuwa gobe. Ɗaliba, ki haɗu da Maman Biyu ranar Asabar ku cike fom ɗin. Saura maganar makaranta. Duk wanda ya san wata a wata unguwar da za ta karɓi ɗaliba a tsakiyar zango ba tare da yawan tambaya ba, ya yi wa Maman Biyu magana ita kaɗai, kada ya rubuta sunan makarantar a nan.